Shawara ga Mai Buga Bulo a Gombe: Sai da Ruwan Ciki Ake Jan na Rijiya

Wani matashi ya rubuto mini daga Gombe, ya roƙi a sakaya sunansa. Ga abin da ya ce a taƙaice:

"Assalamu alaikum, Yaya. Shekaruna 27, ina da mata da 'ya'ya biyu, kuma ni ke ɗauke da nauyin mahaifiyata da ke wani ƙauye a wajen Kumo. Wata 14 ke nan ina aiki a wani gidan bulo da ke bayan gari, kawuna ne ya nema mini wurin saboda sanayyar da ke tsakaninsa da maigidan. Mu takwas ne. Muna farawa da ƙarfe takwas idan maigida ya zo ya buɗe sito, ba ma tashi sai dab da magariba, kuma duk filin babu inuwa sai 'yar rumfar da yake zama. Tun da bazara ta shigo, idan ya ga mutum ya je shan ruwa sau biyu sai ya kira shi malalaci, ya zage shi a gaban masu saye, wani lokaci har da iyaye. Jinga muke yi, ana biyanmu ranar Asabar, amma duk bulon da ya fashe sai ya cire a kuɗinmu ba tare da ya nuna mana lissafi ba. Makon jiya jiri ya kwashe ni ina tura baro, na faɗi, kuma da na farfaɗo abin da ya fara tambaya shi ne bulo nawa na fasa. Fitsarina ya koma kamar ruwan shayi, da dare ƙafafuna suna ɗaurewa, sai na sha haɗin gajiya daga kemis nake samun barci. Ranar da ya ambaci mahaifiyata shebur yana hannuna, Allah ne kaɗai ya tsare. Kawu ya ce in yi haƙuri, matata ta ce in bari, ni kuma ba ni da wani aikin. Me zan yi?"

Wa alaikumus salam, ƙanena. Sannu da ɗawainiya, Allah ya saka maka da alheri a kan abin da kake yi wa mahaifiyarka da iyalinka. Na karanta wasiƙarka sau uku, na kuma lura cewa zagin maigida ne ya fi cin ranka; amma ni abin da ya tayar mini da hankali jimla ɗaya ce da ka rubuta kamar a kan hanyar wucewa, wato maganar fitsarin da ya koma kamar shayi. Saboda haka ka yi mini uzuri in fara da jikinka kafin in zo kan maigidanka, domin mai mugun baki ana iya zama da shi shekara da shekaru ana neman dabararsa, amma ƙoda idan ta lalace babu kawun da zai je ya gyara ta da ban baki.

Tsakanin watan Maris da watan Mayu zafin Gombe yakan kai digiri 40 a ma'aunin Selshiyos, wani lokaci ya ɗara, kuma a inuwa ake ɗaukar wannan awon. Kai kuwa a tsakiyar fili kake, rana tana dukanka ta sama, yashi da busasshen bulo suna maido maka da hucinta ta ƙasa, ga kuma zafin da naman jikinka yake haifarwa da kansa duk lokacin da ka cika kwanon sarki ko ka saɓa buhun siminti mai kilo 50. Babbar hanyar da jiki yake fitar da wannan zafi ita ce gumi, kuma mai aikin ƙarfi a irin wannan yanayi yana iya zubar da lita guda ta gumi cikin awa ɗaya, wani ma fiye da haka. Idan ba a mayar da ruwan ba, jinin da ke zagayawa yakan ragu, zuciya ta riƙa bugawa da sauri don ta raba abin da ya saura tsakanin ƙwaƙwalwa da fata da tsoka, sai jiri ya biyo baya, da ciwon kai, da tashin zuciya, da kasala. Abin da ya same ka a kan baro ke nan. Matakin da ke gaba da shi shi ne wanda likitoci ke kira bugun zafi, inda zafin cikin jiki yake haura digiri 40, mutum ya fara sambatu ko tangaɗi, ko ya kama jijjiga, ko ya suma bai farfaɗo ba, kuma wannan yana kisa cikin sa'o'i kaɗan idan ba a sanyaya jikin ba.

Na taɓa ganin wannan da idona. Wata shekara ana gini a layinmu, ranar zuba kankare, wajen ƙarfe biyu na rana, sai wani lebura ya sauko daga tsani, ya ajiye kwanonsa a hankali kamar mai ajiye ƙwai, ya fara kiran sunan wata da babu wanda ya san ta a wurin, sannan ya zube. Jama'a suka yi masa zobe har iska ba ta kai gare shi, wani yana cewa iska ce ta taɓa shi, wani yana neman ɗura masa fura. Wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ke maƙwabtaka ce ta fito da zani ɗaya a kafaɗa, ta kori mutane, ta sa aka ja shi ƙarƙashin darbejiya, aka cire masa riga, aka yi ta kwarara masa ruwan duron kwaɓi tun daga kai har ƙafa ana yi masa fifita da kwali, ta aika a sayo ƙanƙara aka sa masa a wuya da hammata da matsematsi, sannan aka sa shi a Keke ana ci gaba da jiƙa shi har asibiti. Na taɓa goshinsa kafin a fara zuba ruwan, kuma har yau ina tuna zafin, kamar murfin tukunya. Ya rayu. Na kawo maka labarin ne don ku takwas ɗin nan ku san abin yi idan ɗayanku ya faɗi: a kai shi inuwa, a jiƙa shi sharkaf, a yi masa fifita, kada a ɗura wa wanda ba ya cikin hayyacinsa komai a baki, kuma kada a tsaya jiran izinin kowa kafin a nufi asibiti. Farasitamol ba ya sauke irin wannan zafin.

Sai batun haɗin gajiya, kuma ina roƙonka ka daina sha tun daga daren yau. Ƙullin da ake haɗa wa masu aikin ƙarfi a kemis sau da yawa yana ɗauke da magungunan kashe ciwo irin su diclofenac da ibuprofen, kuma waɗannan suna rage jinin da ke isa ƙoda, to ina ga ƙodar da dama ta wuni cikin ƙishirwa. Idan kuma akwai tiramadol a ciki, illarsa ita ce ya rufe maka kunne ga ƙorafin jikinka har ka wuce iyaka ba ka sani ba, ban da jijjiga da sabo mai wuyar bari da yake jawowa. A ƙasashen Nikaraguwa da El Salbado an daɗe ana ganin samari masu saran rake suna kamuwa da ciwon ƙoda alhali ba su da ciwon suga ko hawan jini, kuma masu bincike sun danganta babban kason abin da aikin ƙarfi cikin zafi da ƙarancin ruwa a jiki kullum. Maganin da aka gwada a gonakin ya yi amfani kuwa bai wuce ruwa da hutu da inuwa ba. Fitsari mai duhu yana iya zama ƙishirwa kawai, yana iya zama tsokar da ta ƙuje ta zuba dattinta cikin jini, yana kuma iya zama tsargiya ko ciwon hanta, kuma babu mai rarrabe su daga nesa. Ka je Asibitin Ƙwararru na jiha ko Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe cikin makon nan, ka faɗa wa likita irin aikinka da faɗuwar da ka yi da ƙwayoyin da kake sha, ka tafi da ƙulli ɗaya ya gani, ka nemi a gwada fitsarinka da ƙodarka. Ka karɓi takarda, ka adana ta, za ta yi maka amfani a gaba.

A wurin aiki kuma kada ka jira ƙishirwa ta kira ka, domin kafin ta kira jiki ya riga ya ci bashi. Ma'aunin da masana lafiyar ma'aikata suke bayarwa shi ne kofi guda a kowane minti 15 zuwa 20, wato kusan ledar fiya wata ɗaya a kowane rabin awa, kuma kada a wuce leda uku a awa guda, don ɗura ruwa fiye da kima ma yana da nasa haɗarin. Na san sayen leda goma sha a kullum zai cinye ribar jingar, don haka ku haɗa kuɗi ku sayi jarka ko randa, ku naɗe jarkar da jiƙaƙƙen buhun algarara, ku ajiye ta kusa da inda kuke kwaɓi yadda shan ruwa ba zai zama tafiyar da maigida zai ƙirga ba. Ka sha ruwa sosai bayan sallar asuba, kuma kada ka fita da cikin wofi; koko da ƙosai ko ɗumamen tuwo da miya suna mayar da gishirin da gumi ke kwashewa. Ranar da gumi ya yi yawa, ka jiƙa ƙullin ORS, wato garin gishiri da sukari da ake sayarwa a kemis, a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, in babu ka zuba ƙaramin cokali shida na sukari da rabin ƙaramin cokali na gishiri a lita ɗaya. Ka sa malafa, da riga mai haske mai faɗi wadda iska ke ratsawa, ka riƙa jiƙa ƙyalle kana ɗorawa a wuya. Alƙalinka a kullum shi ne launin fitsarinka: idan yana fita fari-fari kuma a kai a kai, ka biya bashin, idan ya yi duhu ya ƙaranta, da saura.

To, mu zo kan maigida. Abin da yake yi zalunci ne, ba zan sa masa wani suna ba, kuma mutumin da yaronsa zai suma ya fara tambayar bulo yana da aiki babba tsakaninsa da Ubangijinsa. Amma tun da ba ka da wani wurin zuwa a yau, wajibi ne ka san abin da ke motsa shi, kamar yadda manomi yake sanin halin ƙasar da ba shi ya zaɓe ta ba. Mai gidan bulo a Gombe yana sayen siminti da tsada, yana sayen yashi tifa-tifa, yana sayen man inji, ruwan ma sau da yawa daga tanka yake saye, ga 'yan kwangila masu ɗiban kaya bashi. Irin wannan mutum idan ya dubi fili, adadin bulo yake gani, kuma duk wanda ya miƙe daga kwaɓi a idonsa asara ce ke tafiya da ƙafa. Idan ka je masa da kukan cewa rana tana cin ku, zai ji ka ne a matsayin mai neman rage masa bulo. Idan kuwa ka je masa da hanyar da bulonsa zai ƙaru, fasasshe ya ragu, zai tsaya ya saurara, ko da ba don tausayi ba.

Kuma hujjar tana nan a filinku. Ka fi ni sanin cewa siminti da ruwa yake yin ƙarfi, kuma bulon da rana ta tsotse ruwansa da wuri yakan fito da rauni, ya riƙa marmashewa a gefe, ya tsage wajen lodi. Shi ya sa ake ba sabon bulo ruwa safe da yamma na kwanaki. Kwaɓin da aka yi da ƙarfe ɗaya na rana a watan Afrilu yana fara bushewa tun yana cikin kwano. Hannun da ke rawa saboda gajiya da ƙishirwa kuma shi ne yake sakin bulo. Wato wani kaso na fasasshen da ake cirewa a kuɗinku lokacin aikin ne yake fasa shi. Abin da za ku nema shi ne a sauya lokaci: ku fara da ƙarfe shida bayan asuba, ku yi aiki mai nauyi har sha ɗaya da rabi ko sha biyu, ku huta a inuwa har la'asar ta kusa, sannan ku koma ku ƙarasa zuwa yamma. Haka iyayenmu suke noma tun fil azal, sammako zuwa gona, dawowa idan rana ta take. Ƙasar Katar tun 2021 ta haramta aiki a fili daga ƙarfe goma na safe zuwa uku da rabi na rana, daga 1 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, Saudiyya kuma ta hana daga sha biyu zuwa uku, daga 15 ga Yuni zuwa 15 ga Satumba, kuma gine-gine ba su tsaya a can ba. Abin da ya fi wannan kusa da zuciyar maigidanka shi ne hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito, cewa idan zafi ya tsananta a jinkirta sallar azahar har a samu sanyi. Idan an yi wa mai raka'a huɗu wannan rangwame, ba abin kunya ba ne a nema wa mai ɗaukar bulo.

Yadda za a faɗa ya kusa fin abin da za a faɗa muhimmanci. Kada ka tare shi a fili, kada ka yi masa magana a gaban masu saye, kuma kada ka zaɓi ranar Asabar da kuɗi ke fita daga aljihunsa. Ku fara daidaita bakinku ku takwas, sannan mutum biyu su je, ɗaya ya kasance wanda ya fi daɗewa a wurin ko helmanku, su same shi a gida da yamma ko bayan sallar Juma'a. Kada kai ka zama mai magana, tun da akwai zafi tsakaninku. Ka zauna kusa, ka gaishe shi da ladabi, durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne. Maganar ta kasance kamar haka: "Alhaji, mun ga fasasshen bulo ya yi yawa a bazarar nan, asara gare ka, asara gare mu. Muna neman ka gwada mu mako biyu, mu fara da asuba, mu huta da tsakar rana. Idan adadi ya ragu mu koma yadda muke." Gwajin mako biyu yana ba shi hanyar amincewa ba tare da ya ji an fi ƙarfinsa ba, kuma mutum mai son girma ya fi buƙatar wannan hanyar fiye da kowa. Zai kawo maganar makullin sito, don haka ku je da amsa: a ƙirga buhunan gobe tun da yamma, a damƙa su a hannun mutum ɗaya da zai sa hannu. Sannan ku roƙi abu ƙarami guda, tamfol ko zana da 'yan sanduna huɗu, ku kafa rumfar da kanku.

Kawunka kuma bai gama aikinsa ba. Wanda ya kai yaro wurin aiki saboda sanayya, amana biyu ya ɗauka, kuma "yi haƙuri" ba ta sauke ko ɗaya. Ina kyautata zaton bai san zurfin abin ba, domin mu Hausawa idan muka je gaban manya mukan ce "aikin da ɗan wuya" alhali muna nufin mun kusa mutuwa. Ka je masa da takardar likita, ka gaya masa ka suma, ka gaya masa kalmar da aka faɗa a kan mahaifiyarka yadda aka faɗe ta, musamman idan 'yar'uwarsa ce. Idan ya ce su ma haka suka sha rana a zamaninsu, ka amsa da ladabi cewa zafin yana ƙaruwa, har an auna digiri 48.5 a garin Kayes na Mali a watan Afrilun 2024, kuma Hukumar Hasashen Yanayi ta Najeriya takan fitar da gargaɗin tsananin zafi a irin waɗannan watanni. Abin da kake nema a wurinsa ƙayyadadde ne: ya gaya wa abokinsa cewa faɗa a kan aiki an yarda, amma a bar iyaye a gefe. Idan kawu ya ji nauyi, akwai limamin masallacin da maigida yake salla, akwai mai unguwa. Malami ya san yadda zai tuna masa hadisin Abu Zarri, inda aka ce waɗanda ke ƙarƙashinku 'yan'uwanku ne, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu, in kun ɗora ku taimake su.

Game da kuɗin da ake cirewa, ka sayi ƙaramin littafi na 'yan makaranta. Kullum kafin ku tashi ka rubuta kwanan wata, da buhun da aka kwaɓa, da bulon da aka buga, da wanda ya fashe, da inda ya fashe, ko a hannunku ne ko wajen lodin mota bayan kun gama naku. Ka sa abokin aiki ɗaya ya shaida, ranar Asabar kuma ka rubuta abin da aka ba ka. Mai cire kuɗi a duhu yakan rage hannu da zarar ya san akwai mai rubutawa. Ka kuma san cewa Dokar Ƙwadago ta ƙasa ta san da kai ko da ba ka taɓa sa hannu a takarda ba, domin ta haɗa da yarjejeniyar baka. Sashe na 5 ya hana cire kuɗi daga ladan ma'aikaci da sunan tara, kuma ko asarar da ma'aikaci ya jawo da gangan ko da sakaci ba a cire ta sai da rubutaccen izinin jami'in ƙwadago. Sashe na 13 ya ce wanda ya yi aikin awa shida ko fiye a rana yana da hutun da jimillarsa ba ta gaza awa ɗaya ba, da kuma hutun yini guda a kowane kwana bakwai. Gaskiyar da zan ƙara maka ita ce mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024 da wuya ya shafe ku, saboda dokar ta keɓe wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba da kuma masu aikin jinga. Idan abin ya kai ga ƙara, akwai ofishin Ma'aikatar Ƙwadago ta Tarayya a jiha, akwai Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a, kuma ba a biyan kuɗi kafin a saurare ka. Amma ka sani ranar da takardar gayyata ta isa hannun maigida, mai yiwuwa ranar ce ta ƙarshe gare ka a filin, don haka wannan mataki na wanda ya riga ya shirya tafiya ne.

Maganar shebur ba zan wuce ta ba. Na gode da ka faɗe ta, kuma na gode wa Allah da ya riƙe hannunka. Zafi da ƙishirwa da rashin barci suna gajarta wa kowa haƙuri, ga ƙwaya a kai, ga zagin uwa. Wannan haɗi ne da ya kai mutanen kirki da yawa gidan yari a kan minti ɗaya. Ka zauna yau da hankalinka kwance ka hango abin da zai biyo baya: 'yan sanda a ƙofar gidanka, matarka tana zaryar kai abinci, mahaifiyar da ka yi fushi dominta ta rasa mai aika mata. Saboda haka ka yanke wa kanka doka tun yanzu, cewa duk lokacin da ya fara, abin farko da za ka yi shi ne ajiye duk abin da ke hannunka a ƙasa. Ka ce "Allah ya ba ka haƙuri, Alhaji," ka juya ka nufi jarka, ka wanke fuska, ka yi alwala in da hali, ka zauna. Ka roƙi abokin aikin da ka fi yarda da shi ya riƙa shiga tsakani da wata tambayar aiki idan ya ga idonka ya canza. Ka kuma kiyaye kada abin da ka haɗiye a fili ka je ka amayar wa matarka da yaranka a gida, domin na sha ganin gidajen da zagin maigida yake isa ɗakin yara da magariba ta bakin uba.

Matarka ta ce ka bari, kuma tsoron da ya sa ta faɗi haka tsoro ne na gaskiya, ita ce take ganin ƙafafunka da dare. Ka zauna da ita ka nuna mata cewa ka ji, sannan ku shirya tafiyar tare, don ba a fafe gora ranar tafiya. Ku riƙa ware wani abu duk Asabar, ko ta hanyar adashe, har ya kai abincin wata guda. Wata 14 a gidan bulo sana'a ce a hannunka: ka san ma'aunin kwaɓi, ka san lodi, kuma idan ka matsa kusa da mai sarrafa injin ka koya, ko ka bi wani birkila ranar hutunka, darajarka za ta wuce ta mai tura baro. Direbobin tifa da masu kawo siminti suna shiga kowane fili daga Tumfure har hanyar Dukku, sun san inda ake biya cikakke da inda ake neman hannu, ka tambaye su a natse. Damina kuma tana tafe, idan akwai gonar gida a Kumo ka sa ta cikin lissafi. Ranar da za ka tafi, ka ba da sanarwar mako guda, wadda ita ce sashe na 11 ya tanada ga wanda ya wuce wata uku bai kai shekara biyu ba, ka bi ta hannun kawu, ka karɓi kuɗinka, ka yi sallama.

Akwai dai abubuwa uku da idan ɗaya ya faru ba na so ka jira adashe ko damina: idan likita ya ce ƙodarka ta taɓu, ko maigida ya hana ku ajiye ruwa kusa bayan an roƙe shi, ko ya ɗaga hannu ya doke ka. A nan ka ajiye aikin a ranar, ka kai wa kawu labari da bakinka kafin wani ya riga ka. Ka sake rubuto mini bayan mako biyu, ka faɗa mini abin da gwajin asibiti ya nuna da amsar da Alhaji ya bayar a kan fara aiki da asuba. Ka gaishe mini da Inna da mai ɗakinka.